Binciken Digiri Na Uku Da Ya Kai Ga Maganin Ciwon Daji

(Jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar a taron ɗalibai)

'Yan uwa ɗalibai, an nemi in yi magana a kan digiri na uku, wanda ake ce wa digirin digirgir. Da yawanmu in an ambace shi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne a kira mutum Dokta, a ba shi kujerar gaba a wurin taro. Alhali sharaɗinsa shi ne ka zo da wani sani wanda kafin kai babu shi. Bari in kawo misali ɗaya.

Mari Kuri 'yar ƙasar Folan ce, an haife ta a 1867, lokacin Rasha na mulkin garinsu Warso, kuma ba a ɗaukar mata a jami'a. Sai ta tafi Faris a 1891. Da ta zo zaɓen abin da za ta bincika, sai ta ɗauki wani abu da Bekarel ya gano a 1896, wato ma'adinin yuraniyam yana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Mutane kaɗan ne suka damu da batun a lokacin.

To, ku lura da nan, don nan ne aikin yake. Ta riƙa auna ƙarfin hasken da wata na'ura da mijinta Piyar da ɗan uwansa suka ƙera. Sai ta ga ɗanyen dutsen da ake ciro yuraniyam daga cikinsa ya fi shi kansa yuraniyam ɗin ƙarfi. Wani da sai ya ce na'urar ce ta yi kuskure, ya wuce. Ita kuwa ta sake awo, ta ce lallai akwai wani abu a ɓoye cikin dutsen nan da ba a san shi ba. A 1898 ita da mijinta suka bayyana sinadarai biyu, foloniyam da radiyam. Amma faɗa daban, nunawa daban. Shekara huɗu ta yi a wata rumfa mai yoyo tana dafa dutse tana tacewa, dutsen da da tan ake auna shi, kafin a 1902 ta samu kashi ɗaya bisa goma na giram. Ko cikin cokali bai yi ba! A watan Yunin 1903 ta kare digirinta.

Likitoci suka ga radiyam yana ƙona nama, suka ce ashe zai ƙona ƙari. Gashin ciwon daji da ake yi yau, har a asibitin koyarwa na Shika, yana da tushe a nan, ko da yake yanzu wasu na'urori ne suka maye gurbin radiyam.

Su biyun sun ƙi yin rajistar mallakar hanyar tace shi, suka bar wa kowa. Har ta kai radiyam ya fi ƙarfin aljihunta, sai da matan Amurka suka yi karo-karo na dala 100,000 a 1921 suka saya mata giram ɗaya. Ta rasu a 1934 da ciwon jini, wanda ake dangantawa da hasken da ta daɗe tana aiki da shi. Littattafan da ta rubuta awonta a ciki suna nan a Faris cikin akwatunan dalma, don har yau suna fitar da shi.