SANKARAR MAMA: JAWABI GA MATASAN KUTAMA

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan'uwa likita ya gabatar wa matasa a Kutama, ta ƙaramar hukumar Gwarzo.

Bayan sallama da salati, likitan ya ce ya san wasu za su yi mamakin a tara samari a yi musu zancen ciwon mata. Ya ce to su waye ke ɗaukar iyaye a babur zuwa asibiti? Waye ke sayar da buhun masara a biya kuɗin magani? Maza ne. Kuma uwa ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa ɗanta ta ji ƙullutu a mamanta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Don haka sai a bi ta hannun yayye da ƙanne mata, a riƙa tambaya.

Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano cutar a jikin mata miliyan 2.3, kuma ta kashe kusan 670,000. A ƙasashe masu arziki, fiye da 90 cikin 100 na kaiwa shekara biyar a raye bayan an gano ta. Mu a nan, in ji shi, sai gyambo ya fashe ake zuwa.

Daga nan ya daɗe a kan maganar da ake yi a ƙauyukanmu cewa wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Ya ce wannan magana ta kai mata da yawa kabari. Abin da ke faruwa shi ne, ana yin watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai cutar ta riga ta kai huhu ko ƙashi sannan a kawo mara lafiya. In ta rasu sai a ce ai wuƙar likita ce. Jinkirin ne ya kashe ta, ba wuƙar ba.

Ya bayyana cewa yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma ido ba ya rarrabewa. Sai an tsakuro ɗan nama an duba. A fara da Babban Asibitin Gwarzo, su tura Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Magani kuwa akan haɗa tiyata, da ƙarin ruwa mai zubar da gashi (gashin yana dawowa), da gashin na'ura irin wanda aka san asibitin Shika ta Zariya da shi. Wasu kuma a ba su ƙwayar tamoksifen su sha shekara biyar. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ke Amurka, ya nuna matan Afirka ta Yamma sun fi kamuwa da nau'in da wannan ƙwaya ba ta yi masa aiki, shi ya sa ba a kwaikwayon maganin maƙwabciya.

Sai ya juya ga masu aure. Ya ce ya ga matar da aka cire wa mama, ta dawo gida ta tarar da takardar saki. Wata kuma ta ƙi tiyatar don tsoron hakan. Ya ce wanda ya yi wannan ya ji kunya.

Da wani matashi ya tambaya ko maza na kamuwa, ya ce ƙwarai, kusan ɗaya cikin ɗari na masu cutar maza ne, kuma duk wanda ya ji tauri a bayan kan nononsa ya je a duba shi.