Fadamar Haɗejiya: Rabon Manomi da Makiyayi da Masunci

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maganar yau a kan fadama ce, da zaman mutum uku waɗanda suke ci daga gare ta, watau manomi da makiyayi da masunci.

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa. In ya wuce birnin Haɗejiya sai ya rarrabu, ya malale ƙasashen Kiri Kasamma da Guri, har ya je ya sadu da kogin Jama'are wajen Gashuwa. A zamanin da, ruwan nan yakan cika cikin watan Agusta da Satumba, ya shimfiɗa sabuwar laka a gonaki, sa'an nan ya janye da kaka.

Bisa ga wannan cika da janyewa mutane suka tsara zamansu. Da damina manomi ya shuka shinkafa, masunci ya bi kifi. Ruwa na janyewa, a shuka wake a danshi. In an kau da amfanin gona, Bafilatani ya sauko da shanunsa, su ci kara da harawa, su kwana a gona su bar taki. Mai gona yakan ba shi hatsi don ya kafa mashekari a gonarsa. Ba a san takin buhu ba, ƙasa kuwa ba ta gaji ba. Irin wannan noma, wanda ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi, shi ne yau mutanen Turai suke ƙara kuɗi don su ci amfaninsa. Amma a nan tushensa amana ce tsakanin mutane, gama kowa ya san lokacinsa, ba ya shiga na wani.

Abubuwa uku suka taɓa wannan tsari. Na fari, madatsun ruwa. An gama na Tiga a 1974, na Calawa kuma a 1992. Sun amfani Kano da ruwan sha da noman rani, amma malalar damina ta ragu, ga shi kuma ana sako ruwa har da rani, hanyoyin kogi ba sa bushewa. Wannan ya ba ciyawar kacala dama ta yaɗu, ta toshe magudanai. Wani ƙauye ruwa ya cinye gonakinsa, wani ya rasa ko na ban ruwa. Cikin kacalar nan kuma jan-baki yake samun mafaka, ya faɗa wa shinkafa.

Na biyu, injin ban ruwa. Alkama da albasa da tattasai sun kawo arziki, ba mai musun wannan. Amma fadamar da shanu suke kiwo da rani yanzu tana da shuka, wani wurin har an nome burtali da bakin mashaya.

Na uku, harawa da kara sun zama kayan sayarwa. Manomi ya kwashe, makiyayi ya zo ya tarar da gona fayau. Daga nan sai ɓarna, sai faɗa, wani lokaci har da hasarar rai. Gonar da shanu suka daina kwana a cikinta kuwa sai ta koma dogara ga buhun taki, wanda talaka ba kullum yake iya saye ba.

Ko da yake tun gyaran 1976 mulki ya koma hannun ƙananan hukumomi, har yanzu ƙofar hakimi ake fara kai kuka. Saboda haka ga abin da ya kamata:

1. Kafin kaka hakimi ya tara dagatai da arɗo-arɗo da sarakunan noma da na masunta, a yanke ranar da shanu za su shiga gonaki, a yi shela a kasuwa.

2. Malamin hakimi ya rubuta kowane burtali da mashaya da makiyaya cikin littafi, da iyakokinsu da shaidunsu. Abin da ba a rubuce yake ba, shi ake nomewa.

3. A kira gayya don yanke kacala, ƙauyen sama da na ƙasa tare, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda aikin ya fi ƙarfin lauje, a kai rahoto ga Sarki da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are.

4. A ƙarfafa wa manoma su tara shara da toka da kashin dabbobi su kai gona, kada kuma su sare gawo, don ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi.

5. In an yi ɓarna, a je a gani da ido a ranar, a kimanta bisa gaskiya, kada a dubi wane ɗan gari ne, wane baƙo.

Ambaliyar 2022 ba ta zaɓi gona ta bar ruga ba. Kogi ɗaya ne, wahalarsa ta kowa ce, albarkarsa ma haka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.