Jawabi a Kan Awon Gaggawa na Ƙwayoyin Cuta Masu Shiga Jini

Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Akwai ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya, waɗanda su kan kutsa cikin jinin mutum ta miki, ko ta cibiyar jinjiri da aka yanke da reza mai dauɗa, ko ta mahaifar mai jego, ko kuwa daga huhu da hanji da mafitsara. Idan jiki ya tashi yaƙi da su har yaƙin ya shiga lahanta ƙoda da huhu, likitoci su kan kira wannan hali safsis. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga cikin 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum wajen miliyan 49 ne suka kamu a duniya, miliyan 11 suka rasu. Mai wannan ciwo da awa ake ƙirga masa lokaci, ba da kwana ba.

Matsalar ita ce ƙwayoyin ba su da yawa a cikin jinin da za a ɗiba, saboda haka ba a ganinsu kai tsaye da madubin likita. Sai an zuba jinin cikin kwalba mai ruwan abincin da suke so, an ajiye a ɗumi irin na jikin mutum, su hayayyafa. Ga babba a kan ɗebi mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, watau kamar cokalin shayi biyu. A tsohuwar hanya ma'aikaci ne ke duba kwalaben da ido, ya yi ta jira har kwana bakwai, likita kuwa yana ba da magani bisa zato.

Yanzu akwai na'urori irin su BACTEC da BacT/ALERT, masu auna iskar da ƙwayoyin ke fitarwa a cikin kwalba kowane minti goma, dare da rana. Da zarar iskar ta ƙaru sai na'ura ta yi ƙara, galibi cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai a koma ga dabarar da wani likitan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da ita tun 1884: a shafa ɗigo a gilashi, a rina shi, a duba. Waɗansu ƙwayoyi su kan riƙe launin shuni, waɗansu su koma ja-ja. Wannan aiki na 'yan mintoci ne, ba ya bukatar kome sai madubi da rini da ƙwararren ido, amma ya isa ya sa likita ya sauya allura a ranar. Lalle ne a sanar da shi nan take, kada a bar takarda ta kwana a kan tebur.

Sanin ainihin sunan ƙwayar a da ya kan ci wani kwana ɗaya ko biyu. Na'urar MALDI-TOF tana harba haske mai ƙarfi a kan ƙwayar, ta auna sinadaran jikinta, ta faɗi sunanta cikin mintoci. Wata hanyar kuma, PCR, wadda danginta ce ake awon tarin fuka da ita a na'urar GeneXpert, tana gane ƙwaya ta ƙwayar halittarta cikin kamar awa guda, har ta nuna waɗansu alamun bijire wa magani. Sai dai na'urorin suna da tsada, suna bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, ba kuwa kowane asibiti ke da su ba. Cikakken awon maganin da zai kashe ƙwayar ma ya kan ƙara ɗaukar kamar kwana guda.

To, duk wannan sauri ya kan tashi a banza idan majinyaci ya riga ya haɗiyi kafso daga kyamis ko daga mai talla kafin ya zo. Maganin zai danne ƙwayoyin su ƙi tsiro a kwalba, alhali bai kashe su a jiki ba, sai awo ya fito ba kome, ciwo kuwa yana ci. Don haka ake ɗibar jini kafin allurar farko, sa'an nan a yi allurar ba tare da jiran sakamako ba. Wanda ya riga ya sha wani abu, 'yan'uwansa su kawo kwalin, su faɗi gaskiya.

A kuma lura, awon Widal da aka saba yi don zazzaɓin taifod tun 1896 yake, kuma ya kan nuna cuta ga wanda ba ya da ita. Ba ya maye gurbin awon kwalba. Jinjirin da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, da mai jegon da zazzaɓi ya rufe, da babban da ke haki yana ruɗewa ko fitsarinsa ya ɗauke, duka a kai su asibiti a ranar, ko da awon cizon sauro ya nuna akwai, gama cututtukan biyu su kan haɗu a jiki ɗaya.