Wa ke ƙirga farin jinin waƙa a Gazawa?

Masu saurare, a Amurka mujallar Billboard ke jera waƙoƙi ɗari da suka fi tashe kowane mako, tun 1958. Can ake auna mawaƙa irin su Dolly Parton: nawa aka saya, sau nawa aka saurara.

Mu nan daga Agye zuwa Gidan Runji, ma'auninmu yana rumfar mai cajin salula. Ka miƙa masa katin memori da 'yan dalolinka, ya zuba maka abin da matasa suka fi tambaya. Waƙar da ɗan kabu-kabu ya ƙure wa murya, wadda 'yan mata suka nace a maimaita a gidan biki, ita ce ta ɗaya.

Ku tuna "Jaruma" ta Hamisu Breaker a 2020, lokacin kullen korona. Daga Kano ta taso, matan aure suna taka ta gaban mazajensu, bidiyon yana yawo a WhatsApp har malamai suka yi magana. Ta tsallako Jibiya da Ɗan Isa ba fasfo.

Abin da ke damuna, ko dala ɗaya daga rumfar nan ba ta isa aljihun mawaƙin. Sai dai in an gayyato shi wasa Maraɗi.