Sifili mai alamar ragi: daga ina yake fitowa?

Yau hirarmu a kan ɗan layin nan ne da ake sa wa gaban lamba, wato alamar ragi.

Kwanaki wani ƙanena a nan Daura ya rubuta wa mai shago ƴar manhajar lissafin bashi. Kwastoma ya biya kuɗinsa tas, sai rasit ya fito da -0.00. Mutumin ya ce shi fa bai yarda ba, me ya sa aka sa masa alamar bashi? Har aka soma ɗaga murya.

To me ya faru? Lambobi masu ɗigo, waɗanda ake kira float, kwamfuta tana ajiye su ne bisa ƙa'idar IEEE 754 da aka fitar a 1985. A cikin bit 64, guda 52 na riƙe jikin lambar, 11 na nuna girmanta, ɗaya tak kuma na alama ne. Wannan ɗayan zaman kansa yake yi. Ko lambar ta koma sifili, yana nan daram. Shi ya sa a Python in ka rubuta round(-0.004, 2), amsar da za ka gani ita ce -0.0.

Ga inda tarkon yake. In ka tambayi Python ko -0.0 == 0.0, True za ta ce maka. In ka gwada x < 0, False. Ka ga duk ba su kama shi ba. Abin da ke tona asirinsa shi ne math.copysign(1, x), zai ba ka -1.0. Masu JavaScript kuma ku gwada Object.is(x, -0). In so kake ka goge alamar, ƙara masa 0.0 kawai, shi ke nan.

Kada ku raina bit ɗin nan. Daura tana wajen digiri 13 arewa, 8.3 gabas. Juya alamar lamba ta biyu, taswira ta kai ka Mali, kusa da Bamako. Juya ta farko, ka faɗa teku daura da Angola.

Shi dai ƙanen nawa shawara ɗaya na ba shi: kuɗin mutane a kwabo ake lissafa su, da cikakkun lambobi. Ya gyara, rigima ta mutu.

Ku gwada a kwamfutocinku, ku faɗa mana abin da kuka gani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.