Lissafin da ke Cikin Tsirkiyar Goge

 

Mun daɗe muna kukan rashin kayan gwajin kimiyya a makarantunmu na firamare, kuma kukan yana bisa hanya. Sai dai kafin a share mana hawaye, yara na ta wucewa ta hannunmu suna gudun darasin rabi da sulusi da rubu'i kamar dodo. Abin da muka zo da shi yau shi ne, akwai kayan gwaji a ƙofar gidanmu, a hannun makaɗan Kabi.

Duk wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda mai kalangu yake matse tsarkiyoyinsa a hammata. Idan ya matse, fata ta ɗame, sauti ya hau. Idan ya saki, sauti ya sauka. Da haka kalangu yake kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa, har masunci ya tsinci kirarinsa a bakin Matan Fada. Dalili kuwa shi ne, sauti girgizar iska ce, kuma yawan girgiza cikin daƙiƙa ɗaya shi ke sa sauti ya yi kauri ko ya sirance.

To, mu ɗauki goge mai tsirkiya ɗaya ta izgar doki. A ce tsirkiyar tana girgiza sau 300 a daƙiƙa. Idan aka danne ta a tsakiya, rabinta kaɗai ke motsi, sai girgizar ta ninka zuwa 600. Kunne yana jin sautin nan biyu tamkar abu ɗaya, kamar yadda namiji da mace kan rera waƙa guda, kowa da muryarsa. Idan aka bar kashi biyu bisa uku na tsawonta, za a sami 450; kashi uku bisa huɗu kuwa ya ba da 400. Wato 2 da 1, 3 da 2, 4 da 3.

Me ya sa waɗannan ke yi wa kunne daɗi? Saboda suna yawan haɗuwa. Tsakanin 300 da 450, duk lokacin da ɗaya ta girgiza sau biyu, ɗayar ta yi uku, sai su sake tashi tare. Amma idan aka haɗa 300 da 304, za a ji sautin yana kumbura yana lafawa sau huɗu a daƙiƙa. In tazarar ta kai 30, wannan bugu ya yi saurin da zai zama ƙaiƙayi a kunne. Shi ne abin da makaɗi ke gyarawa sa'ad da yake ɗaure tsirkiya kafin ya fara, ko da bai taɓa zama a aji ba. Hatta kakakin da ake busa wa sarakunanmu a Birnin Kebbi da Argungu, da yake ba shi da ramukan yatsu, galibi sauti biyu yake bayarwa, kuma tsawon bututun ne ya ƙayyade su.

Ilimin nan tsoho ne. Ana jingina gano shi ga Fisagoras na ƙasar Girka. Malamin Musulunci Alfarabi, wanda ya rasu wajajen shekarar 950, ya yi babban littafi a kansa, sannan Bajamushe Helmholtz ya bayyana sirrin bugun nan a 1863.

Mun san akwai iyayen da ba sa son jin an ambaci kiɗa a makaranta, kuma wajibi ne mu girmama ra'ayinsu. Ba ma bukatar ganga ko goge a aji. Katako mai tsawon mita ɗaya, da ƙusa biyu, da wayar birkin keke, da gwangwanin madara a ƙarƙashin wayar don ƙara amo, sun wadatar. Yaro ya auna tazarar da ke tsakanin gwangwani da ƙusa ta nesa, ya sa alama a rabi da sulusi da rubu'i, ya danna, ya taɓa, ya saurara. Wanda ya ji rabi da kunnensa ba zai sake kiran rubu'i babba don ya ga 4 ta fi 2 ba.

Don haka muna roƙon reshe ya ware rana ɗaya a zangon karatu mai zuwa, kowace makaranta ta turo malami guda, mu haɗa wannan katako tare, kowa ya koma da nasa.

Allah Ya yi wa aikinmu albarka, Ya shirya mana zuri'a.