Ajiye Mota Ba Abin Kunya Ba Ne

 Yau maganarmu a kan motar gida ce, wadda take tsaye a ƙofar gida ƙura ta rufe ta.

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Bari mu yi lissafi. Motar da take shan lita goma a mako, a farashin nan, takan ci naira 40,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Ka ga fiye da rabi ya tafi ke nan, ba a sayi kwanon masara ba, ba a biya kuɗin makaranta ba, ba a je wurin makanike ba.

Duk da haka wani maigida yakan ci bashi ya zuba mai, don kada a gan shi a kan keke ran Lahadi. Ɗan'uwana, wa kake tsoro? Bakin mutane ba ya ciyar da 'ya'yanka. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki. Manzo Bulus ma, cikin Filibiyawa sura 4, ya nuna cewa wadar zuci koyonta ake yi, a yalwa da rashi.

Ku tuna, jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929. Mutanen wancan zamani da ƙafa da jaki suke kawo gyaɗa tasha, ba wanda ya raina su. Cikin Luka sura 24 kuma, almajirai biyu suna tafiya da ƙafa zuwa Imuwasu, wajen mil bakwai, a nan ne Ubangiji ya matso ya bi hanya tare da su. Uban da ya taka da yaransa zuwa sujada yakan ji abin da ke zuciyarsu, ya gai da maƙwabta, ya lura da gidan da babu lafiya.

Amma sai da hikima. Keke da ƙafa na cikin gari ne. Hanyoyin Shinkafi da Zurmi sun sha fama da 'yan bindiga, saboda haka kada kowa ya shiga daji shi kaɗai don ragin kuɗi. In tafiya ta kama, a je tasha a shiga motar haya, a tashi da rana, a isa kafin magariba. Wanda kuma har yanzu yake iya riƙe mota, ya tuna da tsofaffi, da masu juna biyu, da marar lafiyar da za a kai asibiti. Ikilisiya ta san lambar wayarsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka raba mu da girman kai, ka ba mu abincin yau, ka tsare fitarmu da shigarmu, cikin sunan Yesu. Amin.